A Haɗe Umarnin Harhaɗa Manhaja Wuri Guda

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin matasanmu masu rubuta manhaja kan wani ɓangaren aiki da yawancinsu ba sa ko waiwayarsa, wato fayilolin umarni waɗanda ke gaya wa kwamfuta yadda za ta harhaɗa rubutun manhaja har ya zama abin amfani.

An daɗe masu kula da laburaren manhaja, wato tarin rubutun da wasu manhajoji ke aro su yi aiki da shi, suna ware wa kowace babbar manhaja nata umarnin: Linux da danginta na Autotools, Windows kuma na Visual Studio. Illar haka ita ce, mutum zai ƙara sabon fayil a jerin Linux ya manta da na Windows, ba wanda zai ankara sai ranar da wani can ya zo harhaɗawa abin ya ƙi. Mafita ita ce a haɗe umarnin wuri guda da manhajar harhaɗawa irin su Meson ko CMake, waɗanda ke aiki a kan duk manyan manhajojin. PostgreSQL, manhajar adana bayanai, ta sha wannan wahala, domin ta yi shekaru tana ɗawainiya da rubutu na musamman da yaren manhaja na Perl saboda Windows kaɗai, har ta shigo da Meson a fitowa ta 16 a 2023, sannan ta cire wancan rubutun a fitowa ta 17 a 2024, ko da yake har yanzu tana riƙe da Autoconf, wani ɓangare na Autotools. LLVM kuwa, wato tarin kayan fassara rubutun manhaja zuwa yaren kwamfuta, tun 2016 ta koma CMake kacokan.

Abin da ya fi damuna shi ne tsaro. A watan Maris na 2024, Andres Freund, wanda ya jagoranci shigar da Meson cikin PostgreSQL, ya lura cewa shiga kwamfuta daga nesa ta hanyar da ake kira SSH yana jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya gano ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, da aka dasa a laburaren liblzma na manhajar matse fayiloli ta xz, fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Abin da ke kunna ta yana cikin wani fayil na Autotools mai suna build-to-host.m4, wanda aka cusa cikin ƙunshin da ake rabawa, alhali babu shi a ma'ajiyar Git, inda ake ajiye asalin rubutun manhajar domin jama'a su duba. Bayan haka aka tarar cewa a ɓangaren CMake na wannan aikin ma an saka ɗigo guda ɗaya tak wanda ya kashe kariyar Landlock, wadda ke taƙaita fayilolin da manhaja za ta iya taɓawa a Linux. Tsari biyu ke nan, kuma masu dubawa ba su wadata ga ko ɗaya ba.

Haɗewar ba ta isa ita kaɗai ba, tilas a riƙa gwada kowane canji kai tsaye a Linux da Windows da macOS kafin a karɓe shi, in ba haka ba umarnin zai koma na kwamfutar mai kula da aikin kawai. Don haka ina kira ga malaman kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu su sa ɗalibai su rubuta fayil ɗin CMake ko Meson da hannunsu, su kuma gwada shi a manyan manhajoji biyu aƙalla kafin a ba su maki.

Naka,
Mai rubuta manhaja, Zariya