A daina ce wa alfadari mai taurin kai

Malam edita, assalamu alaikum, ina gajiya ina aiki. Don Allah ka ɗan ba ni fili in kare wata dabba da mutane ke yi wa mummunar fahimta, wato alfadari.

Uban shi jaki, uwar shi goɗiya, shi ya sa ya ɗauko ƙarfin doki da haƙurin jaki, kuma ba ya haihuwa, masana sun ce wai ƙwayoyin gadon doki 64, na jaki 62, shi kuma ya tashi da 63, lissafin bai rabuwa biyu. Amma zancen taurin kai wallahi ban yarda ba. Doki in ka matsa mai sai ya yi ta gudu har ya faɗi, alfadari ko in ya ga rami ko kaya sun fi ƙarfin shi sai ya kafe ƙafafu ya miƙe kunne, ko ka karya sanda a jikin shi ba inda za shi, to wannan ai hankali ne. Sai dai fa yana da riƙo, wanda ya zalunce shi ya kiyayi bayan shi don harbin shi bai cika kuskure ba.

Nan Tawa ƙasarmu ta Adar duk duwatsu ce, kofaton shi ko tauri gare shi, cin shi bai kai na doki ba. A girgizar ƙasar Maroko ta 2023 da alfadarai aka riƙa kai taimako ƙauyukan kan dutse. Me zai hana ma'aikatan kiwo su koya wa masu amalanke yadda ake samar da shi?

Naka mai karatu, daga Tawa.