Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kafin Ya Shiga Kogon Ruwa Shi Kaɗai

Maraɗi, daren Lahadi.

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan karatunka a Tulus. Nan gida kowa lafiya lau. Saƙonka ya iso, na ga kana shirin shiga kogon Ressel, mai cike da ruwa, da ke yankin Lot na Faransa kai kaɗai a hutu mai zuwa. Ban rubuto don in hana ka ba. Ka yi horo, ka karɓi takardar shaida, kuma a Faransa da Ingila akwai gwanaye da dama da ke nutso su kaɗai, musamman inda hanya ta yi matsi har mutum biyu suke zame wa juna cikas. Abin da nake so ya zauna maka a rai shi ne, duk hidimar da abokin nutsonka yake yi maka ba tare da ka lura ba, ran nan a wuyanka take. Shi ne yake riƙe da iskar da za ka shaƙa in taka ta ƙare, shi ke ganin zaren da ya maƙale a bayanka, shi ke ɗaga yatsa ya ce a juya lokacin da zuciyarka ke cewa ƙara gaba kaɗan. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai ka tanadi abin da zai tsaya a madadinsa tun kana kan tudu.

Mu fara da iska, don a nan ne lissafi ke yaudarar mutane. An koya maka ƙa'idar kashi uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ajiya. Ɗauki takarda ka gwada ta da kwalabe biyu masu lita 12, kowace an cika ta bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin iskar da ke cikin kwalba), kowace da nata famfo da na'urar shaƙa da agogon iska, babu abin da ya haɗa su. Ka shiga, ka sha bar 66 daga kowace kwalba, wato shigarka ta ci bar 132 gaba ɗaya, kowace kwalba ta rage 134. To a daidai wurin juyawa zoben roba ya fashe, ko tiyo ya tsage, kwalba ɗaya ta tsiyaye. Saura kwalba ɗaya mai bar 134, hanya kuma tana neman 132. Bar 2 ke nan tsakaninka da mutuwa, alhali na'urar shaƙa ba ta ba da iska yadda ya kamata in kwalba ta sauka ƙasa da bar 10, kuma mutumin da kwalbarsa ta fashe a kunnensa ba ya numfashi irin na wanda ya shigo cikin kwanciyar hankali. Tsoro kan ninka shan iska sau biyu ko fiye.

Saboda haka, a wannan karon kashi ɗaya cikin biyar za ka sha. Da zarar kowace kwalba ta sauka 160, ka juya. In ka rasa ɗaya a can ƙurya, kana da 160 a hannu, hanya na neman 80, ka ga kana da ninki. Kada ka ga kamar an tauye ka. Bar 40 daga kowace kwalba lita 960 ce. In kana shan lita 20 a minti a kan tudu, a zurfin mita 10 za ka sha 40, wato kana da minti 24 na shiga. Wannan ya ishi mai shigar farko har ya yi yawa. A mita 20 kuwa shan ya koma lita 60, lokacin ya ragu zuwa minti 16, don haka da zurfin da ka yi niyya za ka yi lissafi, kuma ka rubuta lambar juyawa a allon hannunka kafin ka jiƙa ƙafa. Ka riƙa sauya na'urar shaƙa duk bayan bar 20, don kwalaben su riƙa sauka tare. In ka zuƙe ɗaya ka bar ɗaya, sai matsala ta faɗa wa cikakkiyar, ka koma kamar mai kwalba guda da ta kusa ƙarewa. Sauyawar kuma ita ce ke tabbatar maka cewa duka biyun suna aiki. Hannunka ya iya kai wa kowane famfo ya rufe shi ido a rufe, da safar hannun da za ka sa ran nan, don yatsun da suka yi sanyi cikin roba mai kauri ba sa jin abin da suke taɓawa.

Ressel ɓulɓulowa yake yi ya zuba cikin kogin Célé, wato kana shiga ruwa na tunkuɗo ka, kana fita yana rakiyarka. Wannan sauƙi ne. Akwai kogunan da ke haɗiye ruwa, shiga ba wuya, fita kuwa sai ka yi kokawa da igiyar ruwa, iskar dawowa ta fi ta shiga nesa ba kusa ba. Irin waɗannan kada ka kusance su kai kaɗai.

Sai zare, wanda ake shimfiɗawa daga bakin kogo don ya nuna hanyar fita. Wani Ba'amurke mai suna Sheck Exley ya bi diddigin mace-macen da aka yi a kogunan ruwa, ya fitar da sakamakonsa a 1979, kuma abubuwa uku ne suka yi ta maimaituwa: rashin zare guda da ya miƙe ba yankewa har bakin kogo, rashin ajiye isasshiyar iska, da zarce iyaka a zurfi. Daga baya aka ƙara rashin horo da rashin fitilu uku. Ka lura zare ne a farko. Ɗaurin farko a wajen kogo za ka yi shi, inda in ka ɗaga kai babu komai a samanka sai sarari, ɗauri na biyu kuma da ka shige ciki kaɗan, don ko wani ya kwance na waje, na ciki na nan. Zaren da ka tarar a shimfiɗe kada ka ba shi amana don kawai ka gan shi. Ambaliya kan yanke shi, ta binne shi a yashi, ko ta ja shi cikin tsagar dutse inda zare ke wucewa amma kafaɗar mutum ba ta wucewa. Da haske ba za ka damu ba, za ka kewaye. A duhu kuwa zaren zai kai hannunka cikin tsagar ya tsaya, kai kuma ka ɗauka hanya ce ta toshe. Don haka kana shiga kana duba yadda ya kwanta, kana waiwayawa kana ganin yadda hanya take ga mai fita, don kogo kamarsa biyu ce, ta shiga daban, ta fita daban. In ka ga ya shiga tsaga, ka gyara shi da zoben robar taya da kuke yankawa, ka maƙala shi a dutse mai ƙarfi.

Riƙon zare da yatsa biyu ne a zagaye, kamar zobe, ba a jan jiki da shi. Duk inda hanya ta rabu, ka sa alamarka ta kanka a ɓangaren fita, wadda yatsunka za su gane ko ba ka gani. Amma a wannan shigar ina so ka juya tun kafin mararraba ta farko, ko da iskarka ba ta kai 160 ba. Ramin da ke can ciki, mai gangarawa fiye da mita 40, ba na wannan shekarar ba ne.

In zare ya kuɓuce maka a duhu, tsaya cak. Mafi yawan lokaci yana nan kusa, tafiyar da tsoro ke sa mutum ce ke nisanta shi. Ka lalubi dutse, ka ɗaura zaren ƙaramin kwarkwaronka na ajiya, mai aƙalla mita 30, ka fita neman babban zaren a hankali, hannu ɗaya na sharar ƙasa da bango da rufi. In ba ka samu ba, ka naɗe ka koma wurin ɗaurin, ka canja fuska. In ka same shi, ka haɗa zaren naka da shi kafin komai, sannan ka tantance ina ne waje, ta alamominka da kuma inda ruwa ke tafiya. In kuwa zaren ne ya naɗe ka, kada ka juya jiki, juyawa ƙara naɗewa take yi. Ka laluba a hankali ka gano inda ya kama, galibi famfon kwalba ne ko madaurin takalmin iyo. In yankewa ta zama dole, ka tabbata kana ɓangaren fita, ka riƙe bakin da ke kai ka waje gam a hannu, sannan ka yanke. Abin yanka biyu za ka ɗauka, almakashi da ƴar wuƙa, a sa su inda kowane hannu zai kai. Dave Shaw gwani ne na gaske, amma a Janairun 2005, a ramin Boesmansgat na Afirka ta Kudu, a zurfin mita 270, zare ya harɗe masa da fitila, ya yi ta fama, numfashinsa ya tsananta, gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa ta taru masa har ya suma. Zurfinka ba zai kai ko kusa da nasa ba, amma yadda abin ke faruwa ɗaya ne: aiki mai wuya, haki, sai hankali ya gushe. In ka ji kana haki, ka daina duk abin da kake yi, ka riƙe zare, ka fitar da numfashi mai tsawo sau da yawa. Kada ka taɓa riƙe numfashi don tattalin iska.

Duhun da na ambata sau da yawa laka ce ke kawo shi, fitila na ci amma ba ka ganin tafin hannunka. Bugun ƙafa ɗaya zuwa ƙasa ya isa. Ka kwanta a miƙe, gwiwa a lanƙwashe, ka yi iyon kwaɗo, ruwan ya tafi baya. Kumfar numfashinka ma kan kakkaɓo laka daga rufi. Fitilu uku, biyu na ajiya a hular kwano da sababbin batura, kowace ta iya kai ka waje ita kaɗai. Babbar ta mutu, nutso ya ƙare. Gilashin fuska na biyu a aljihu.

Kada ka wuce mita 20. Daga wajen mita 30 iskar da muke shaƙa kan fara sa maye, kuma mai maye ba ya sanin ya yi, abokinsa ne ke gani a idonsa, kai kuwa ba ka da shi. Kada ka yi nutson da zai wajabta maka dogon tsayi kafin fitowa. In an cika maka kwalba da gauraye mai kashi 32 na iskar oksijin, ka auna da kanka, ka rubuta a jikin kwalbar, ka tuna iyakarsa mita 33. Haurowa kada ta wuce mita 9 zuwa 10 a minti, ka tsaya minti 3 zuwa 5 a wajen mita 5. Kada ka hau jirgin sama sai bayan awa 24.

Ka san halin Gulbin Maraɗi. Sai gari ya waye rana tsaka, ko ɗigo bai sauka a nan ba, amma gulbi ya cika ya kawo, don an yi ruwa can wajen Katsina da Jibiya. Kogunan Lot haka suke. Ruwan da ya sauka a kan tsaunukan farar ƙasa yana bin tsagogi ya fito ta kogo bayan sa'o'i ko kwanaki, ya ƙara ƙarfi, ya gurɓace. Ka duba yanayin kwana uku da suka wuce da na ranar, ka tambayi waɗanda suka fito kafin kai. In ka iso ka ga ruwan ya yi launin koko, ka mayar da kaya mota. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuɗin man da ka ƙona ni zan biya.

Ruwan can yana wajen digiri 12 zuwa 13 rani da damina, jikin da ya tashi a zafin Maraɗi kuwa ba ya jure wannan. Rigar da ruwa ba ya shiga za ka sa. Da ka fara karkarwa ka juya, don sanyi na ƙara shan iska, yana kashe yatsu, yana rage tunani. Kada ka yi nutso da azumi a bakinka, ko da mura, ko bayan daren da ba ka yi barci ba. Ƙarancin ruwa a jiki na ƙara haɗarin ciwon kumfar jini, wato kumfar iskar da ke tashi a jikin mai nutso in ya hauro, mura kuma na hana kunne daidaitawa. Akwai kuma maganar da likitan can zai iya mantawa bai tambaye ka ba: amosanin jini ya yi yawa a ƙasarmu, kuma mutum kan ɗauki rabinsa bai sani ba. Ka yi gwajin jini, ka kai wa likitan masu nutso sakamakon, ka bi abin da ya ce.

Ka taɓa ganin mai yasar rijiya ya sauka babu kowa a baki? Shiga kai kaɗai a ruwa take, a bakin kogo dole a sami mutum zaune. Ka rubuta masa lokacin shigarka, iyakar inda za ka, lokacin fitarka, da lokacin da in ya wuce zai kira 112 ya ce hatsarin kogo ne, don a taso ƴan ceton kogo na Faransa. Ya san inda waya ke kamawa, don a kwarin nan ba ko'ina take samu ba. A motar a sami kwalbar oksijin da lambar asibitin da ke da ɗakin matsin iska. In ka fito ka ji ciwon gaɓa, ko jiri, ko wani sashe na jiki ya mutu, ko gajiyar da ba ka saba ji ba, ka kwanta, ka shaƙi oksijin, a kira likita nan take, kada ka ce bari ka gani zuwa safe. Amma ka sani, mai jiran nan ba zai iya kawo maka iska a cikin minti goma ba. Iya ruwa fid da kai.

Kafin ranar, ka koma wurin da malaminka, ku yi wannan hanyar tare, ya kashe maka fitila, ya rufe maka kwalba ɗaya, ka fito da kanka. In ya ce ba ka kai ba, maganarsa ce tawa. Kada ka sa sabon kaya ko ɗaya ran nan, kuma ka bar kyamara a gida, don hannu biyu da ido biyu duk suna da aiki. Abu ɗaya ya lalace, komai ƙanƙantarsa, ka juya. Ko babu abin da ya lalace, zuciyarka ce kawai ba ta kwanta ba, ka juya, ba wanda zai tambaye ka dalili.

Ka aiko mini da lissafin iskarka a rubuce, da sunan malamin da ranar da ka tsayar, in duba kafin ka tafi. Mahaifiyarka ta san da maganar, ban ɓoye mata ba. Ta ce ka yi addu'ar fita daga gida, ka yi bisimilla a bakin ruwa, kuma da ka fito, tun kafin ka tuɓe rigar, ita za ka fara kira. Ta ba da kilishi da ƙuli-ƙuli a kawo maka ta hannun mai tafiya a ƙarshen wata. Ƙannenka suna gaishe ka.

Allah Ya tsare, Ya yi maka albarka, Ya fito da kai lafiya.

Mahaifinka.