Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Batun Gemu

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na samu saƙonka inda ka ce ka haura shekara 45 amma har yanzu sajenka bai haɗe da gemu ba, kuma an ba ka shawarar goga ɗanyar tafarnuwa a kumatu. Don Allah ka bar wannan tun yau, domin tana ƙona fata, kuma inda tabo ya yi zurfi gashi ba ya sake tsirowa.

Yawan tushen gashin fuska da shi ake haihuwar mutum, kuma gado ne ke yanke yadda tushen zai amsa wa sinadaran maza, wato testosterone da kuma DHT, wanda jiki ke sarrafawa daga testosterone ɗin. Shi ya sa za ka ga ƙaƙƙarfan namiji mai cikakkiyar lafiya amma gemunsa ɗan tsirit. Man zaitun, man kwakwa da man zurma ba sa fito da sabon tushe, sai dai suna tausasa gashin, su hana shi karyewa, su rage ƙaiƙayi, har gemu ya ƙara cika ido. Ka ɗiga kaɗan a tafin hannu bayan wanka, fata na da sauran danshi, ka murza da yatsu har ƙasan gashin, sannan ka taje. Idan ka cika shi, ƙuraje zai jawo maka.

Yawan aski ma ba ya ƙara kauri, kamar yadda wata masaniyar kimiyya, Mildred Trotter, ta nuna a Amurka tun 1928. Reza ce ke datse bakin gashin, sai a ji kaushinsa a zaci ya ƙaru.

Inda nake ganin kana da abin yi a shekarunmu shi ne barci da teɓa. Testosterone yakan ragu da kusan kashi 1 cikin 100 duk shekara a wannan mataki, kuma binciken Jami'ar Chicago na 2011 ya gano cewa barcin awa 5 na tsawon mako guda ya rage shi da kashi 10 zuwa 15 a jikin samari. Kitsen ciki kuwa yana mayar da wani ɓangarensa sinadarin mata. Ka kyautata barci, ka motsa jiki, ka ci abinci mai gina jiki.

Sai kuma haƙuri, tunda gemu kimanin santimita 1 yake yi a wata. Ka bar shi wata uku ba gyara, domin dogon gashi yakan rufe gurbin da ke damunka. Amma idan ka ga wani zagayayyen fili sumul ya fito a tsakiyarsa, ka je wurin likitan fata. Kada kuma ka yarda a yi maka allurar testosterone ba da umarnin likita ba, domin tana iya rage haihuwa.

Ka gaishe mini da uwargida da yara.

Wassalam,
Naka amini.