Ƙawas, ga amsar maganar bangon kicin ɗinki

Assalamu alaikum ƙawas,

Ina gajiya, ya maigida da yara, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Sakkwato zahi ya kankama, tun ƙarhe goma na sahe ba ka iya taka ƙasa ba takalmi, ga wuta sai an ga dama a kawo. Inna na gaishe ki, tac ce kin yi shiru da yawa.

Na ga hotunan ginin gidanku na unguwar Arkilla, nan Sakkwato, da kinka turo, ma sha Allah aiki ya yi nisa, Allah shi sa a shiga lahiya. Maganar bangon nan na bayan gas da wurin wanke-wanke, da mai tayil yac ce a lahta mishi farin tayil a wuce wurin, ni dai ban goyi baya ba. Ba ƙin goguwa shika yi ba, a'a, amma kicin sai shi koma kamar banɗakin asibiti, kuma farin simintin da ake cike tsakanin tayil da shi da manja ya hantsama mishi an gama, ja ne har abada, ko da soson ƙarhe kinka bi shi. Ke kuwa na san hannunki da manja tun da kinka koma kudu.

Abin da nike so ki riƙe kahin komi, bangon nan ba duka ɗai ne ba. Inda ke bayan wuta kai tsaye dole abin da ba ya ci da wuta kuma shina goguwa, don nan talgen tuwo ka tsalle, nan man suya ka sauka. Gehe kuwa, can wajen kanta da inda kike aje kayan yaji, nan kike da damar yin kwalliya son ranki. Kuma wurin ba wani girma gare shi ba, tsakanin kanta da kabad ɗin sama bai cika wuce santimita 45 zuwa 60 ba, kin ga ko abu mai ɗan tsada kinka sa ba zai karya oga ba.

In ni ce ke, fasassun tayil zan sa. Irin wanga da ake shimfiɗawa tsakar gida, masu sai da tayil na tara su a buhu su sayar da araha, wani ma in ke ce mai sayen na gidan duka sai shi ƙara maki da su kyauta. A ƙasa ana watsa su ne yadda sunka zo, amma a bango sai a zauna a tsara, a ware shuɗi daban, ruwan ƙasa daban, fari daban, a hwara zana dagi da alli a tsakiya daidai saitin gas sannan a bi zanen da kala guda, sauran wurin a cike da wata. Mutanen Maroko haka suke nasu a Fes, yanka tayil suke ƙanana da hannu suna haɗa zane, ga shi duniya na ta ɗaukar hoto, mu kuma muna takawa a tsakar gida. Abu biyu za ki matsa ma mai aikin. Shi goge bakin kowane ɓalli kada shi yanki mai shara, kuma shi daidaita su huska ɗaya, don tayil kaurinsu ba ɗaya ba, in wani ya turo wani ya shige maiƙo zai samu wurin kwana. Sannan cikon tsakani a sa mai duhu, toka-toka ko ruwan ƙasa, kar ki yarda da fari ko ya ce shi ya hi kyau. Ga ƙurar hunturu ma da ba ta barin komi fari garin nan. Aikin na cin lokaci gaskiya, kuma masu tayil ba su son shi don a ranar da za su yi bango guda da sun gama ɗaki biyu, sai ku yi jinga tun hwarko.

Sai wata shawara da na san za ki yi dariya. Kin tuna jeren Inna, tirarrukan nan masu hure-hure da kwanonin samira da ke kwance ƙarƙashin gado tun aurenta? Na ga wata maƙwabciyarmu nan Mabera ta yi ma bangonta fentin mai, ruwan madara, ta ɗauko tire uku na uwarta ta rataya a jere sama da kantar kicin, wallahi ƙawas duk wanda yash shiga kicin ɗin sai ya tsaya. Fentin mai shina goguwa da ruwan omo, tiren kuwa ranar wanki ki sauke ki wanke ki maida. Kar dai a huda su da ƙusa, in rufin ya ɓalle tsatsa ce ka bi, ƙugiya ake sa ma bango a sagale bakin. Ki roƙi Hajiyarku nata tun ƙannenki ba su rabe ba.

Na bayan wuta sosai kuma, in ba ki son tayil ɗin ko kaɗan, akwai fallen ƙarhe, sitenles irin na kicin ɗin otal. Zahi ba ya mishi komi, tsumma ɗaya ya share, masu walda na iya yanko maki daidai awo su lanƙwashe bakin, har na yi tunanin ko a je Maƙera Assada a ga mai iya buga mishi ɗan zane a gehe. Laihinshi shatin hannu, kuma soson ƙarhe na karce shi. Gilashi ma ana sa wa, a yi ma bayanshi fenti ko a sa zane a ruhe, yana da kyau ƙwarai, sai dai dole mai jure zahi, tamfad suke ce mishi, na taga hwashewa zai yi. Shi kuma ba a yanka shi bayan an gasa, ke nan ramin soket sai an auna tun kahin a yi oda.

Sitikar nan mai kama da tayil da ake ta talla a Instagram, ki bar ma masu gidan haya. Roba ce da gam, garin da Afrilu ke wuce digiri 40 ga kuma gas na ci, baki za ta hwara ɗagowa. Mabul ma ban ba ki shawara ba duk da tsadarshi, ruwan tsamiya ko lemun tsami na cin sheƙinshi, giranet ya hi shi haƙuri.

Oga nawa da yaj ji muna maganar cewa yay yi a bar shi siminti zalla, a goge shi sumul a shafa abin hana shan ruwa, wai ga kamfanin siminti na Kalambaina nan kusa kuma Turawa ma yayinshi suke. Ni ban ƙi ba amma sai mai hannu, in ba haka ba baƙi za su ɗauka kuɗi sunka ƙare. Ya kuma kawo zancen makuba irin ta gidajen da, nac ce mishi makuba ta tsare bangon ƙasa daga ruwan sama, ba a yi ta don man suya ba, a kai ta zaure.

Fayafayi da ƙoren zane kuwa suna ƙawata wuri, amma can nesa da wuta, kusa da ƙofa. Kaba na shan hayaƙi da maiƙo kuma ba ta wankuwa, balle tartsatsi.

Ki sa ƙanin oga shi auno min tsawo da faɗin wurin, shi ƙirgo soket nawa ne, kuma shi ce ma mai tayil shi dakata da kicin shi ci gaba da banɗakuna, ɓallayen da sunka rage ma kar a zubar. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shiga kasuwa in duba kalolin da ke akwai in turo maki ta WhatsApp ki zaɓa. Yajin da kinka ce, na daka, mai zuwa nike jira. A gaida oga, a shafa min kan auta.

Taki har kullum.