Su Wa Aka Tambaya, Malam Edita?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ƙorafi na kawo kan shirinku na kasuwanci na daren Talata, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci. Kun ɗauko wani Dakta kun zaunar, ya yi ta karanto mana sakamakon binciken gwamnati: wai 'yan kasuwa suna da kyakkyawan fata, wai harkoki sun fara farfaɗowa, wai Legas ta shiga zamanin aiki daga gida. Shi kuwa mai gabatarwa ba abin da yake yi sai "haka ne, Dakta", "ƙwarai kuwa, Dakta". Har aka rufe shirin bai yi masa tambayar da kowa ke jira daga Agege zuwa Idi-Araba ba: su wa aka tambaya?

Ni dillalin albasa da tumatir ne a kasuwar Mile 12, tun zamanin Obasanjo nake cikinta. Abincin da Legas ke dafawa, mai yawa daga cikinsa ta ƙofarmu yake wucewa. Tireloli suna kwana a hanya daga Aliero, daga Kwanar Gafan, daga Danja, su sauke kafin gari ya waye. In ana son sanin halin da kasuwa ke ciki, ai ba sai an yi nisa ba, a zo a tsaya nan daga asuba zuwa hantsi. Amma ban san ɗan kasuwa ɗaya a layinmu da aka taɓa zaunarwa aka ce masa, "Alhaji, yaya ciniki bana?" aka rubuta amsarsa ba.

An taɓa turo wasu matasa, da riguna masu tambari da kwamfutocin hannu. Yara ne masu ladabi, ba ni da abin cewa a kansu. Amma ka ji tambayoyin. Kana da rajistar kamfani? Mene ne adireshinka na imel? Ma'aikata nawa kake biya albashi a wata? Kashi nawa cikinsu ke aiki daga gida? Duk da Turanci. Maƙwabcina, dattijon da ke juya kuɗin da manajan banki zai miƙe masa tsaye, ya dube su ya ce shi ma'aikatansa 'yan dako ne, buhu-buhu ake biyansu, yau goma gobe talatin, ya danganta da motar da ta shigo. Yarinyar ta duba allonta ta ce babu gurbin wannan. Suka yi godiya, suka nufi shagunan bakin titi masu gilashi da na'urar sanyi. To Malam Edita, in can aka cike takardar, fatan wa ake karanta mana a rediyo?

Na san za a ce mu ma muna da laifi, ba ma faɗin gaskiyar cinikinmu. E, haka ne, kuma da dalili. Mutumin da kullum mai rasit yake tare shi, na ƙaramar hukuma daban, na ƙungiya daban, na shara daban, ga waɗanda ba su da ko rasit ɗin sai sanda, in ya ga baƙo da biro yana tambayar nawa ka sayar jiya, abin da zai zo masa shi ne sabon haraji. Maganin wannan ba wuya gare shi ba. A bi ta shugabannin kasuwa, a bi ta fadar Sarkin Hausawa, a zo da mai jin Hausa da Yarbanci, a yi wa mutane bayanin inda amsar za ta. Ba a yi ba, sai a tsallake mu, sannan a fito a ce ga ra'ayin 'yan kasuwar Najeriya.

Maganar aiki daga gida kuwa ita ta fi ba ni haushi, domin Dakta ya yi ta ne kamar wani sabon abu da ya sauko wa mutanen Lekki da Victoria Island bayan kullen korona na 2020. Uban gidana yana zaune a zaurensa a Kebbi, ya daɗe rabonsa da Legas. Da asuba zai kira ya ce mota ta wuce Jebba. Kaya na sauka in ɗauki bidiyo in tura masa ta WhatsApp, ya ga wanda ya yi ruwa da wanda ya iso lafiya, mu yi ciniki da mai saye yana kan waya, kafin azahar alat ya shigar masa. Mutum yana tafiyar da kasuwanci a Legas daga nisan kwana biyu a mota. Wannan ba aiki daga gida ba ne? Matan da ke Agege suna sayar da atamfa da turaren wuta da kilishi daga ɗakunansu, ɗan aike na kai wa har Ajah, su fa? Wane bincike ne ya ƙirga su?

Kuma ko irin wanda Dakta yake nufi, na ofis, ina da shi a cikin gidana. 'Yar yayana tana amsa kiran abokan ciniki ga wani kamfani, kwana uku a mako daga gida. Da aka ba ta, murna muka yi, don ta huta da motar haya ta danfo da cunkoson Oshodi. Sai ga shi kamfanin ya huta da kuɗin dizal, ita ta ɗauka. Wuta ta ɗauke, sai janareta. Fetur da muke saye ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, ya zo ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. A Janairun 2025 aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Ɗaki biyu gare mu, ga yara, ga mai wa'azi da lasifika a gidan baya. In layi ya katse ana cikin kira, a albashinta ake yanka. Ranar nan ta ce da ni, "Baffa, wallahi gara in koma shiga motar." A takardar bincike kuwa ita ce shaidar ci gaba, an sa ta a layin waɗanda zamani ya yi wa daɗi.

Ga wani abin da Dakta bai faɗa ba. A Fabrairun 2024 Gwamnan Legas Sanwo-Olu ya ce ma'aikatan jiha daga mataki na 1 zuwa na 14 su riƙa zuwa ofis kwana uku a mako, don rage musu kuɗin mota. Ban ce ba taimako ba ne. Amma mu a kasuwa mun ji shi a jikinmu. Matan da ke dafa abinci a kewayen Alausa, inda sakatariyar gwamnatin jiha take, mai ɗaukar kwando biyu ta koma ɗaya, mai ɗaya ta koma haɗa kuɗi da wata su raba. Ma'aikaci ya zauna gida, mai abinci ta rage tukunya, dillali ya kwana da tumatir, manomi a Kadawa ya ji an karya masa farashi. Tumatir ba ya jiran kowa, in ya kwana biyu sai a sayar da shi a matsayin ruɓaɓɓe. Wannan ma sakamakon aiki daga gida ne, kuma babu shi a abin da aka karanta mana.

Dakta ya kuma ce rashin aikin yi ya ragu sosai, mai gabatarwa ya ce alhamdulillahi. Ai ya kamata ku gaya wa masu sauraro yadda aka yi ya ragu. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na ƙarshen 2020 sun ce kashi 33.3 cikin 100. A 2023 aka sauya ma'auni, aka koma wanda ke cewa in ka yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi, kai mai aiki ne, sai adadin ya dawo kashi 4.1. An ce haka duniya ke aunawa, to ba na musu. Amma yaron da aka raba da babur ɗinsa bayan hana acaɓa a 2022, yanzu yana zaune a bakin kasuwa yana jiran wani ya ce ɗauko min buhu, shi ma an lissafa shi mai aiki. Kuma ita wannan hukumar da kanta ta ce sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan, ba aikin ofis ko kamfani mai rajista suke yi ba. Wato mu ne masu yawan. Me ya sa in za a auna zafin kasuwa sai a tambayi 'yan tsirarun?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da an tambaye mu, da mun ce a rubuta kuɗin dizal na tirela. A rubuta shingayen da direba ke biya daga Zariya zuwa Ibadan, waɗanda duk a kan kwando suke ƙarewa. A rubuta tsutsar sharon da ke cinye gona cikin 'yan kwanaki. A rubuta ambaliyar Mokwa ta Mayun 2025 da ta tsayar da motoci, kaya suka ruɓe a hanya. A rubuta taransifar da ke maƙalewa, mai saye ya nuna maka an cire masa, kai ba ka gani ba, mota kuma tana jiran kuɗin komawa.

Ba na cewa ku daina gayyato masana. Ina cewa in kun zaunar da Dakta, ku zaunar da dillali kusa da shi, da mai abinci, da direba. Mile 12 ba ta yi muku nisa ba, kuma shayi a kanmu.

Tunda na ɗauki biro, bari in ƙara wannan. Ina kuka kai farashin kayan gona da kuke karantawa ranar Juma'a? Mutanenmu a ƙauye da shi suke sanin ko dillali ya cuce su, mu ma yana wanke mu daga zargi. Kun cire shi kun sa tallar mai maganin basir da ke cinye kusan rabin lokacin, ana faɗin abubuwan da mutum ba zai iya saurare tare da 'ya'yansa ba. Layin wayarku kuma kullum a cike yake, sai mutanen nan da muka haddace muryoyinsu ne ke samun shiga. A dawo mana da farashin, don Allah.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Agege, Legas.