Sanarwa kan kyaututtukan sukuwar dogon zango

Assalamu alaikum ƴan uwa mahaya.

Ranar Asabar da ƙarfe 8 na dare za mu tattauna a nan kan rabon kyaututtuka: doka ɗaya ga kowace sukuwa, ko a bar wa mai shirya gasa wuƙa da nama?

A ganina, lafiyar doki ba ta cikin zaɓin kowa. Dokin da ya gama kilomita 80 yana ɗingishi, ko bugun zuciyarsa ya ƙi sauka zuwa 64 a minti, likita ya cire shi, babu kyauta. Amma kyautar ƙaramin mahayi ko ta tsohon doki, mai shiryawa ya yanke, muddin ya sanar tun kafin a ɗaura sirdi.

Kowa ya rubuto ra'ayinsa kafin Juma'a, don Allah ban da saƙon murya.

Allah ya bar zumunci.