Wasiƙa zuwa ga ɗana kan gyaran tsakar gida da maganin ƙwari

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, saƙonka ya iso. Ka ce kana so ka raya filin da ya rage a tsakar gidanka, a ga ɗan kore, a sami wurin shan iska, kuma ba ka son feshin maganin kanti saboda yara. Madalla. Sai dai kada ka fara da sayen fenti da fulawa yadda yawancin mutane suke yi. Ruwa ne farkon magana.

Ka zuba bokiti biyu a tsakar gidan ka ga inda ruwan ya nufa da inda ya kwanta. Duk inda ya kwanta ka cike da ɓaraguzai da yashi, ka daidaita gangaren zuwa rariya. Sauro ba ya bukatar kududdufi. Ruwan da ya tsaya a gwangwani ko cikin taya ya ishe shi, kuma a lokacin zafi mako ɗaya zuwa kwana goma ne tsakanin ƙwai da sauro mai tashi. Don haka duk abin da za ka shuka a cikinsa sai an huda gindinsa, duk abin da ke riƙe ruwa kuma sai da murfi.

Tsohuwar taya tana yin kyau idan an gyara ta. Da wuƙa mai kaifi da ka jiƙa da ruwan sabulu za ka yanke gefenta na sama, wajen da yake da laushi. Kada ka taɓa tsakiyar da take taka ƙasa, akwai waya a ciki, za ta dakushe wuƙar ko ta yanke ka. Gefen ƙasa ka yi masa huji shida zuwa takwas. A wanke, ta bushe, sannan a shafa fentin mai fari ko mai haske. Ba don ado kaɗai ba: baƙar roba a ranar bazara tana ɗaukar zafin da zai dafa saiwa. Ni dai a ganina taya ta fulawa ce, abin da za a ci kuwa a sa shi a tukunyar ƙasa ko a buhu.

Buhun ne ya fi amfani a ƙaramin gida. Ka sami buhun shinkafa mai cin kilo 50, ka haɗa ƙasar gona kashi biyu, takin dabbobi kashi ɗaya, yashi ko buntun shinkafa kashi ɗaya. Takin nan shi ne inda ake yawan yin ɓarna. Wanda ya ruɓe baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ba wari, ba ɗumi, kuma yakan ɗauki wata biyu zuwa uku a tare ana yayyafa masa ruwa ana juyawa. Ɗanye yana ƙona saiwa, musamman kashin kaji, yana kuma kiran gara. A tsakiyar buhun ka tsayar da babban gwangwani da aka fasa gindinsa, ka cika shi da tsakuwa, ka zuba ƙasa kewaye, ka ja gwangwanin sama, ka sake cikawa, har ka kai baki. Za ka sami layin tsakuwa daga sama har ƙasa, nan ake zuba ruwa ya ratsa ko'ina. In babu shi saman ne kawai zai jiƙe, ƙasan ya bushe. A jikin buhun ka yi ƙananan tsaga, tazarar santimita 15 zuwa 20, ka dasa alayyahu da latas da albasa mai ganye. A sama tumatir ko tattasai gindi biyu, kada su wuce haka. Rana tana cin buhu cikin 'yan watanni, saboda haka ka naɗe shi da tsohuwar tabarmar kaba. Ya daɗe, ya kuma fi kyan gani.

Inda za ka shuka a ƙasa, binne tulu har wuya, irin wanda ba a shafa masa komai ba. Ka gwada shi tukuna: cika shi da ruwa, in ka ga bayansa yana naso to ya yi. Ka dasa kewaye da shi a kusa, ka riƙa cikawa bayan kwana biyu ko uku, a rufe bakin. Wannan yana maganin wata matsala da mutane ke ɗora wa ƙwari, wato baƙin tabo a gindin tumatir. Ba tsutsa ba ce. Ban ruwa ne na yau an cika gobe an manta, sai sinadarin kalsiyam ya kasa isa ga ɗan, ƙasansa ya ruɓe. Ko ka yi feshi sau goma ba zai daina ba.

Rumfa kuwa abokiyar gabarta gara ce da iska. Dirkokin ka babbake gindinsu a wuta har su yi baƙi kafin ka kafa, ko ka ɗora su a kan siminti kada su taɓa ƙasa. Azarar giginya ta fi komai jurewa in za ka samu. Zanar da za ka ɗora ka ɗaure ta da waya, ka ƙara ɗauri ta gabas, domin daga can hadarin farkon damina yake tasowa da iskarsa. Ka shuka soso ko duma a gindin dirka biyu su hau, kafin tsakiyar damina ka sami inuwa mai sanyi. Shinge ka yi na lalle, ko na zogale: reshe mai tsawon mita ɗaya, a binne kashi ɗaya cikin uku, a riƙa sare kansa in ya kai ƙirji don ya yi rassa. Mangwaro da darbejiya kada su matso kusa da katanga ko ramin bayan gida, a bar aƙalla mita biyar. Tukwanen ado a shafe su da farar ƙasa, mai ɗakinka ta zana musu dagi da jar ƙasa in tana so, a ɗora kowace a kan bulo. Tukunyar da ta zauna daɓas a ƙasa mai laima maɓoyar kunama ce.

Yanzu ga maganar ƙwari, kuma a nan nake so ka natsu. Babban makaminka 'ya'yan darbejiya ne, ba ganyenta ba. Ganyen yana aiki, amma ƙarfin yana cikin ƙwallon. Ka tsinci waɗanda suka nuna suka yi rawaya, a murje naman, a wanke, a shanya a inuwa har su bushe ƙayau. A adana a kwando ko buhun algarara, ba a leda ba, don leda tana sa su fumfuna. Ranar da za ka yi amfani, a sussuka a turmi a hankali ɓawon ya fashe, a sheƙe, a daka ƙwayar ta zama gari. Awon shi ne giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, wato rabin kilo a lita goma. In babu sikeli, cokalin cin abinci biyar a tule a kowace lita. A jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi sau biyu don kada ya toshe bakin abin feshi, a narka sabulun salo kamar rabin ƙaramin cokali a kowace lita. Sabulun ne ke sa maganin ya kama ganye. Garin wanki na kanti kada ya shiga, yana ƙona ganye.

Kurakurai uku ne ke sa mutane su ce darbejiya ba ta aiki. Wasu suna tafasawa, zafi ya kashe sinadarin. Wasu suna fesawa da hantsi, hasken rana ya lalata shi kafin ƙwaro ya ci. Da la'asar sakaliya ake yi, lokacin ma ƙudan zuma sun ragu. Na uku rashin haƙuri. Ba ta kayar da ƙwaro nan take: tana hana shi cin abinci, ta hana tsutsa saɓa ta girma, sai bayan kwana biyu ko uku ka ga bambanci. Ka fesa bayan ganye, can suke zama. A maimaita duk kwana biyar zuwa bakwai, da kuma bayan ruwan sama. Abin da aka haɗa a ƙarar da shi ranar, kuma ƙwallon da ya doshi shekara ƙarfinsa ya ragu.

Idan darɓa ta kama, wato ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ruwan ganye, ganye ya nannaɗe yana danƙo, duba gindin za ka ga kiyashi na hawa da sauka. Zaƙin da ƙwarin ke fitarwa suke sha, su kuma kare su. Ka zagaye gindin da busasshiyar toka, siririn layi, ka sabunta in ta jiƙe. Kada ka tula, tana da kaifi irin na kanwa, yawanta yana ɓata ƙasa. Ga feshi na biyu don sauyi: attaruhu cikin hannu ɗaya da tafarnuwa dunƙule ɗaya, a daka, a jiƙa a lita ɗaya ya kwana, a tace, a ƙara ruwa lita huɗu da ɗan sabulu. Gwada a ganye kaɗan ka jira kwana ɗaya kafin ka bi sauran. Ka ba iska baya, ka kare idonka, yara su yi nisa.

Farin ƙuda yana son rawaya. Yanka tsohuwar jarka rawaya falle-falle kamar tafin hannu biyu, ka shafa basilin, ka rataye daidai tsayin shukar. In ta cika a goge a sake shafawa. Tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina a 2016, tana shigewa cikin ganye ne ta yi farin zane, shi ya sa feshi bai cika samunta ba. Duk ganyen da ka ga haka ka tsinke ka ƙone tun da wuri. Kuma kada ka maimaita tumatir a ƙasar da ta ɗauki tumatir ko gauta ko attaruhu bara. In dole ne, jiƙa ƙasar ka rufe da farar leda a ranar Maris da Afrilu na mako huɗu zuwa shida.

Za a ba ka shawarar ruwan taba, ko a ce ka ɗiga piya-piya a ruwan feshi. Kada ka yarda. Ruwan taba guba ne da ke ratsa fata, piya-piya kuma ba shi da hurumi a kan abin da za a sa a miya. Ɗaɗɗoya da ciyawar shayi ka shuka su don ƙamshi da shayi, amma kada wani ya ce maka suna korar sauro daga tsakar gida. Jikokina su ci gaba da kwana a gidan sauro.

Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce za ta aiko da irin lalle da ƙwallon darbejiya mudu biyu idan an sami mai zuwa. Ka fara tara takin tun yanzu don ya ruɓe kafin ruwa ya sauka. Allah ya yi muku albarka.

Wassalam,
Mahaifinka